Tafiyar farko zuwa ƙasar waje: wane wurin tarihi za a fara gani?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, ban taɓa fita ƙasar waje ba. Na jima ina tari, yanzu kuma na sami hutun kwana 12. Ina son in ga wuraren tarihin da muke jin labarinsu, irin su dalar Masar, Taj Mahal, ganuwar Sin da birnin Rum. Makka da Madina na yi musu niyya daban. Daga ina zan fara, kuma guda nawa zan iya haɗawa a tafiya ɗaya?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a abin da ka tara, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Bari in fara da ƙarshen tambayar, domin a nan na fi ganin mutane suna tafka asara. Kwana 12 na ƙasa ɗaya ne, in an matsa ƙwarai biyu. Wuraren nan huɗu da ka lissafa suna nahiya uku, kowanne da bizarsa, da kuɗinsa, da yanayinsa. Duk ranar da ka sauya ƙasa ta tafi ke nan: ka ɗaure kaya, ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi, ka bi layin jami'an shige da fice sau biyu, sannan ka shiga neman masauki a garin da ba ka san gabas da yammansa ba. Na daɗe ina raka ayarin matafiya, kuma na sha ganin wanda ya zaga ƙasa biyar cikin mako biyu, ya dawo da waya cike da hotuna, amma in ka nuna masa guda ka ce wa ya gina wannan, sai ya yi shiru. Gajiya ce ta jawo. Ido ma yana ƙoshi kamar ciki. Bayan babban gini na uku a yini ɗaya, na huɗu tarin duwatsu ne kawai a wurinka.

Shi ya sa in zan zaɓa wa sabon matafiyi wuri, nake neman birnin da tarihinsa yake a tattare, wanda za ka fito daga masauki ka taka da ƙafa ka iske shi, ba sai ka yi cinikin mota sau uku ba. Da ƙanena ne ya yi mini wannan tambaya, Istanbul zan ce masa.

Birnin ya zama mazaunin daula tun shekarar 330, lokacin da Sarki Kostantin ya mai da shi fadar mulkin Rumawa, har zuwa 1922 da aka kawo ƙarshen sarautar Usmaniyawan Turkiyya. Kusan shekara 1,600 ke nan, kuma manyan abubuwan da suka bari suna unguwa ɗaya, Sultanahmet. Daga Aya Sofiya zuwa Masallacin Sultan Ahmad fili ɗaya za ka ratsa. Fadar Topkapi tana bayan Aya Sofiya, matattarar ruwan ƙarƙashin ƙasa tana tsallaken titi. Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba T1 yana ratsa unguwar, kati ɗaya kuma yana yi maka shi da bas da jirgin fito.

Aya Sofiya kam ka ba ta safiya guda cur. Sarki Jastiniyan ya sa aka fara ta a 532, aka gama a 537, ƙasa da shekara shida. Ƙubbarta tana da faɗin kusan mita 31, tana rataye sama da mita 55 daga ƙasa, an kuma zagaye gindinta da tagogi 40, har in rana ta shigo sai ka ga kamar ba abin da ke riƙe da ita. Ƙubbar farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ta da ƙarin tsayi a 562, kuma ita ce, da gyare-gyare, kake kallo yau. Ginin ya yi sama da shekara 900 yana coci, ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, ya koma masallaci a 2020. Abin da nake son ka lura da shi, duk waɗannan zamunna suna nan a ɗaki ɗaya, ba wanda ya share wani gaba ɗaya. Ka ɗaga kai ka ga zanen da aka jera da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya tun zamanin Rumawa, kusa da shi kuma ga manyan allunan nan takwas masu zagaye, kowanne faɗinsa mita bakwai da rabi, ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. Sannan ka dubi mihirabin. Za ka ga bai zauna a tsakiya daidai ba, ya ɗan karkata dama, sahun ma a karkace yake. Dalili kuwa, magina na farko ba alƙibla suka nufa ba, sai aka juya mihirabin ba tare da an taɓa bangon ba. Tun 2024 baƙi masu yawon buɗe ido suna sayen tikiti su hau bene, ƙasan kuwa na masu salla ne. Ka yi duka biyun. A benen, jikin marmarar da ake dafawa, akwai wani ƙanƙanin rubutu da wani mayaƙi daga arewacin Turai ya karce da sunansa, Halfdan, sama da shekara dubu da ta wuce. Mafi yawan mutane wucewa suke yi ba su gan shi ba.

Masallacin Sultan Ahmad, mai hasumiya shida da tayil ɗin Iznik sama da 20,000, an fara shi a 1609. Kowa yana zuwansa, kuma ya cancanta. Amma ni in aka ce in zaɓi ɗaya, Sulaimaniyya zan ɗauka, wanda babban magini Sinan ya gina wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Ba cinkoso, kuma a nan ake gane cewa masallacin Usmaniyawa gari ne ƙarami: makarantu, asibiti, gidan ciyar da mabuƙata, gidan wanka, duk a kewaye da shi. Kabarin Sulaiman yana bayan alƙibla, na Sinan kuwa ɗan ƙarami ne a wata kusurwa ta waje, bakin titi. Ka tsaya a harabar baya da la'asar, mashigin Bosforus, ruwan da ya raba Turai da Asiya, yana shimfiɗe a ƙasanka.

A Topkapi, abin da ya fi jan mutane shi ne ɗakin amanoni, inda ake ajiye kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah da sahabbansa, waɗanda aka kawo yawancinsu bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Layin yana da tsawo, sai ka je da zarar an buɗe, kuma ka sani ana rufe fadar ran Talata. Matattarar ruwan da na ambata, mai ginshiƙai 336, awa ɗaya ta ishe ta. Ka ware wata rana ka fita zuwa tsohuwar ganuwar birnin, wadda aka gina a ƙarni na 5, ka ga kaurinta da idonka, sai ka fahimci dalilin da Sultan Muhammad Alfatih, yana ɗan shekara 21, ya yi kwana 53 yana dukanta da igwa kafin ya shiga ran 29 ga Mayu, 1453. Daga can ba nisa zuwa Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub Al-Ansari yake.

Gargaɗi ɗaya: baƙo ko da ido makaho ne. In wani ya tare ka da fara'a a filin Sultanahmet ya ce an rufe masallaci yanzu, ka zo ya nuna maka wani wuri kafin a buɗe, to shagon darduma zai kai ka. Ka yi masa godiya ka wuce, ka je ƙofar ka gani da kanka.

A wannan filin dai akwai wani dogon dutse mai tsini da rubutun fir'aunoni a jikinsa. Na Fir'auna Tutmos na Uku ne, daga gidan ibadar Karnak a Masar aka ɗauko shi, aka kafa shi a nan a shekarar 390. Lokacin da aka kafa shi ya riga ya haura shekara 1,800 da sassaƙawa. To ka ga tsufan Masar ke nan, ita ce kuma ƙasa ta biyu da zan yarda ka haɗa, tunda daga Istanbul zuwa Alƙahira tafiyar awa biyu da ɗan wani abu ce a jirgi.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, Alƙahira ta fi Istanbul wahalar da sabon matafiyi. Hayaniya, cinkoson motoci, da masu talla da ba sa jin "a'a" ta farko. Shi ya sa na sa ta ta biyu, bayan ƙafarka ta saba. Kuma kar ka je a tsakiyar zafi. Daga Oktoba zuwa Afrilu ne lokacinta.

Kusan kowa Giza yake fara zuwa. Ni kuwa ayarina Saƙƙara nake fara kai su, saboda ina son su ga yadda aka koyi abin. A Saƙƙara akwai dalar Sarki Zosa mai hawa shida, wadda Imhotep ya tsara wajen shekara 2,650 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam: dakali ne aka ɗora kan dakali, kowanne ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Daga nan sai Dahshur, inda Sarki Sinefru ya so ya yi mai santsin gefe. An fara ta da tsayuwa mai kaifi, wajen digiri 54, da aka kai tsakiya ginin ya nuna alamun ba zai ɗauka ba, sai aka kwantar da sauran zuwa digiri 43. Ga ta nan har yau da ƙusumbi. Kusa da ita ya sake gina wata, ja, a digiri 43 tun daga tushe, ta tsaya lafiya. Ɗan wannan Sinefru shi ne Khufu, mai babbar dalar Giza. Wanda ya bi wannan jerin, in ya iso Giza da yamma ba zai ce aljannu ne suka gina ta ba. Ya riga ya ga kuskuren uban da idonsa, ga kuma abin da ɗan ya yi da darasin.

Babbar dalar an gama ta wajen 2,560 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsayinta na asali ya kai mita 146, kowane gefe na gindinta mita 230, duwatsunta kimanin miliyan 2.3, ta kuma shafe sama da shekara 3,800 ba ginin ɗan Adam da ya fi ta tsayi. Da can lulluɓe take da farin dutse mai santsi, wanda aka ɓamɓare aka yi gine-gine da shi a Alƙahira. Ka dubi ƙololuwar dalar Khafre da ke kusa, saura kaɗan yana nan kamar hula. An tono garin ma'aikatan a kudu da wurin, da gidajen gasa burodinsu da kaburburansu. A 2013 kuma aka gano wasu takardun ganye a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, cikinsu har da littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta yadda shi da mutanensa suke ɗauko dutse daga Tura a jirgin ruwa su kai Giza, rana bayan rana.

Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma ba na kowa ba ne. Za ka bi wata hanya mai hawa wadda tsayinta bai wuce mita ɗaya da ɗan kai ba, a duƙe, gwiwa tana kusan taɓa ƙirji, mutane suna saukowa kuna gogar juna. Iska tana da nauyi, gumi yana keto maka. Can sai rufin ya buɗe ka miƙe a wani dogon zaure mai tsayin sama da mita 8, bangayensa suna matsowa ciki sannu a hankali har sama. A ƙarshensa ɗakin sarki ne, na jan dutse mai tauri da aka kawo daga Aswan, nisan kusan kilomita 800. Ba zane, ba ado, ba rubutu, sai akwatin dutse guda babu komai a ciki. Ka sa yatsa inda duwatsu biyu suka haɗu ka ji yadda suka manne. Mai ciwon gwiwa, ko hawan jini, ko wanda matsattsen wuri yake firgitawa, ya haƙura. A waje ma akwai abin kallo. In za ka hau raƙumi kuwa, ku gama magana kafin ka ɗora ƙafa: nawa ne, na minti nawa, har da sauka, kuma fam ɗin Masar ake nufi ba na Ingila ba.

Sabon babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da dalolin a Nuwamban 2025 shi ke ɗauke da kayan kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922. Yini guda ne shi ma.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane suke barin Alƙahira ba su ga Alƙahirar Musulunci ba, alhali ita kaɗai ta isa a yi tafiya dominta. Masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, yana da hasumiyar da matakalarta take naɗe ta waje. Ka hau, tsohon birnin duka yana ƙasanka, harabar kuma shiru kamar ba a tsakiyar wannan hayaniya take ba. Azhar an fara ta a 970. Makarantar Sultan Hasan, ta tsakanin 1356 da 1363, an yi ta ne domin koyar da mazhabobi huɗu a wuri ɗaya, kuma ƙofarta kaɗai sai ka riƙe hula kafin ka ga samanta. Ka bi titin Mu'izz da ƙafa daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila, ka tsaya a ginin Sultan Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibiti.

Yanzu Turai. Rum da ka ambata tana buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwar galibin ƙasashen Turai, ga masu fasfon ƙasashe da yawa, kuma ita ce biza mafi wuya ga wanda fasfonsa yake fari fat. Suna neman shaidar aiki da ta kuɗi, da masauki, da tikitin dawowa, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, kuma in aka hana ka, kuɗin nema ba ya dawowa. Fasfon da ya nuna ka fita ka dawo a kan lokaci yana taimakawa. Wannan ma dalili ne na ajiye Turai zuwa tafiya ta biyu.

In lokacin ya zo, ni Andalus, kudancin Sifaniya, zan tura ka kafin Rum. Fadar Alhamra a Garnada Banu Nasr ne suka fara ta a 1238, suka riƙe ta har ran 2 ga Janairu, 1492 da sarkinsu na ƙarshe ya miƙa makullai. Daga waje ganuwa ce ja, ba kwalliya. Ciki kuwa bango yana magana: takensu, "Wa la galiba illallah", an maimaita shi ba iyaka, ga kuma baitocin waziri Ibn Zamrak an sassaƙa su a jikin ɗakunan da suke wassafawa. Harabar Zakuna tana da siraran ginshiƙai 124 da zakuna 12 ɗauke da kwanon ruwa. Amma abin da ya fi kama zuciyata ruwan ne. Sun tare kogin Daro a can sama, suka jawo shi ta magudana mai nisan kusan kilomita 6 a gefen tsauni, gangara kaɗai ke tura shi, ya shiga kowane lambu da kowane ɗaki. A lambun Jannatul Arif akwai wata matakala da ruwa yake gudu a cikin madafarta. Kana hawa, hannunka yana cikin ruwan sanyi.

Tikitin fadar ciki yana da ƙayyadadden lokaci, da sunanka a jiki, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar. Wata shekara wani dattijo a ayarinmu ya bar fasfonsa a masauki, ya koma ɗaukowa, kafin ya dawo lokacinmu ya wuce. Mutumin da ya yi shekaru yana begen wurin nan ya zauna a waje muka shiga muka fito. Hakkina ne in tuna masa tun da dare, ban yi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar ba na barin ƙofar masauki sai na ga fasfon kowa a hannunsa.

Ƙurɗuba, garin da ake jingina Imam Ƙurɗubi mai tafsiri gare shi, ba ta da nisa a jirgin ƙasa. Abdurrahman na Ɗaya ya fara masallacinta wajen 785. Ginshiƙan da ya samu na tsofaffin gine-gine gajeru ne, sai magina suka ɗora baka kan baka, ja da fari, don rufin ya tashi. Sama da 850 suna tsaye har yau. Adon mihirabin kuwa, na zamanin Hakam na Biyu, gwanaye ne daga Kostantiniyya suka zo suka yi shi, wato Istanbul ɗin da ka riga ka gani, za ka kuma gane hannun. Tun 1236 ginin coci ne, an gina wani babban ɗakin ibada a tsakiyarsa daga 1523, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Gara ka sani tun daga gida.

Rum ita kanta kwana huɗu take so. Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekarar 80, yana ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000. Ka sayi tikitinsa ta intanet daga shafin hukuma. Amma ginin da ba na son ka rasa shi ne Fantiyon, na zamanin Sarki Hadiriyan, wajen shekarar 126. Ƙubbarsa ta kankare ce mai faɗin mita 43, ba rodi ko ɗaya a ciki, kuma har yau ba a yi irinta da ta fi ta girma ba. Sun yi amfani da dutse mai nauyi a ƙasa, mai sauƙi a sama, suka bar rami a tsakiya wanda rana da ruwan sama suke shigowa ta ciki.

Taj Mahal ta cancanci sunanta, ban taɓa ganin wanda ya je ya ce an zuzuta ba. Shah Jahan ya gina ta ne kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu wurin haihuwa a 1631. An fara aiki a 1632, aka kammala wajen 1653. Ka karanta Suratul Fajr a babbar ƙofa kafin ka shiga, da Yasin a bakunan ginin, ka lura yadda marubucin, Amanat Khan, ya riƙa ƙara girman baƙaƙen yayin da suke hawa, don mai kallo daga ƙasa ya gan su daidai wa daida. Hasumiyoyin huɗu an ɗan karkatar da su waje, ko da za su faɗi kar su faɗa kan kabarin. Abu biyu ke ɓata wa mutane wannan tafiya: ana rufe ta ran Juma'a, kuma a Disamba da Janairu hazo yakan rufe ta da safe har ka tsaya gabanta ba ka gan ta ba. Ka haɗa da ganuwar Agra, inda Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har rasuwarsa a 1666, yana hango ginin ta taga. Amma Indiya tafiya ce mai zaman kanta, ba a rataya ta a wuyan wata.

Haka ma Sin. Ganuwar ba guda ɗaya ba ce, ganuwoyi ne na dauloli daban-daban, waɗanda ƙidayar hukuma ta 2012 ta ce jimlarsu kilomita 21,196. Maganar ana hango ta daga duniyar wata kuwa ba gaskiya ba ce. Nisa da bambancin harshe sun sa ba na ba sabon matafiyi shawararta. Machu Picchu ta Peru ma haka, ga shi hanyarta takan bi ta Kusko, mai tudun mita 3,400, inda numfashi yake gagarar wanda bai saba ba. Petra ta Jodan, birnin da Nabatawa suka sassaƙa a jikin jan dutse, ta fi sauƙin kaiwa, sai dai ƙafa take ci: kilomita 1.2 a cikin matsattsen kwazazzabo kafin ka ga ginin farko, da matakala wajen 800 zuwa na can sama. Akwai kuma wurin da ba ka ambata ba, wanda nake so ka ajiye a ranka: Samarƙand ta Uzbekistan, da makarantunta uku a dandalin Registan, ta farkonsu Ulug Beg ya gina tsakanin 1417 da 1420, ga kabarin Imam Bukhari a wajen gari.

To ga yadda zan raba maka kwana 12 ɗin: ɗaya na tafiya, biyar a Istanbul, ɗaya na tsallakawa, huɗu a Alƙahira, ɗaya na dawowa. In bizar ɗaya ta yi gardama, ka zuba duka a ɗayar. Turkiyya tana da Bursa da Afisa, Masar tana da Luksor, inda zaure ɗaya a Karnak yake da ginshiƙai 134. Ka tabbata fasfonka yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Ka duba ko ƙasar da jirginka zai yada zango tana neman bizar wucewa. Masar da Indiya suna tambayar katin rigakafin shawara ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Ka ɗauki hoton fasfo da biza ka ajiye a waya da kuma a takarda, daban da na asalin. Takalmi kuwa wanda ƙafarka ta saba da shi, mai sauƙin cirewa, domin za ka cire shi sau da yawa a yini. Kowane wuri, ka karanta shafi biyu a kansa daren da za ka je, ka riƙe suna ɗaya da shekara ɗaya da abu ɗaya da za ka nema da idonka, kamar karkatar mihirabin nan ko rubutun Halfdan.

Ranar da ka sauka kar ka shiga ko'ina. Ka yi barci, da yamma ka gangara Eminonu ka hau jirgin fito zuwa Uskudar, minti 20 bai cika ba ka bar Turai ka shiga Asiya, ka juyo ka ga ƙubbobin da hasumiyoyin a jere kan tudu, ka san inda kowanne yake kafin gobe. Ka aiko mini da watan da hutun naka ya faɗo da irin fasfon da kake riƙe da shi, sai in gaya maka wace biza za ka fara nema.